Rajistar aikin jadawalin makin jirgi na matafiyan Sakkwato

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

An fara aikin. Abin da ake son fitarwa shi ne jadawali guda da mai tafiya daga Sakkwato zai duba kafin ya biya kuɗin tikiti, ya san makin da zai samu (wato ladan da kamfanin jirgi ke tara wa fasinja kan kowace tafiya), asusun da ya kamata ya zuba shi, da kuma ko makin ya cancanci a ƙara ko da naira ɗaya a kansa. Hanyoyi uku muka ɗauka: ta Umara zuwa Jidda ko Madina, ta 'yan kasuwa zuwa Guangzhou da Dubai, sai ta malaman jami'a da ɗalibai da ke bi ta Alƙahira ko Istanbul.

Filin jirgin Sultan Abubakar III yana ɗaukar alhazai kai tsaye zuwa Saudiyya lokacin aikin Hajji, amma a sauran watanni mai fita waje sai ya fara isa Abuja, Kano ko Legas. Don haka kowace tafiya gida biyu ce, kuma babu kamfanin Najeriya ko ɗaya da ke cikin manyan ƙawancen jiragen duniya guda uku. Makin Sakkwato zuwa Abuja ba ya haɗuwa da na Abuja zuwa waje.

Ƙawancen su ne ginshiƙin jadawalin. Ethiopian, EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, tsarin makinsu kuwa ShebaMiles, EgyptAir Plus da Miles&Smiles. Saudia tana SkyTeam da tsarinta na Alfursan, tare da Kenya Airways, Air France da KLM. Qatar Airways tana oneworld da British Airways da Royal Air Maroc. Emirates ba ta cikin kowane ƙawance, tsarinta Skywards. Ta dawo Legas ranar 1 ga wannan wata bayan kusan shekara biyu da dakatar da zuwa Najeriya. Amfanin sanin wannan: wanda ya hau Ethiopian yau, EgyptAir wata mai zuwa, zai iya zuba makin duka biyun a asusu ɗaya. Mutane da yawa suna da kati uku, kowanne da ɗan makin da bai isa komai ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

An gama awon nisa. Da mil ake lissafi, ba kilomita ba, kuma nisan kai tsaye tsakanin filaye biyu ake ɗauka ko da jirgi ya yi kewaye. Kusan adadin:

Abuja zuwa Adis Ababa, 2,150. Kano zuwa Adis Ababa, 2,070. Adis Ababa zuwa Jidda, 880. Adis Ababa zuwa Guangzhou, 5,000. Abuja zuwa Alƙahira, 2,130. Alƙahira zuwa Jidda, 750. Abuja zuwa Istanbul, 2,580.

Umara ta Adis zuwa da dawowa ta kama mil 6,060 ke nan, ta Alƙahira 5,760. Guangzhou ta Adis 14,300. Daga nan aka fara ganin bakin zaren: tafiyar Chana guda ta fi Umara biyu. An buɗe baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ranar 15 ga wata, jiragen Guangzhou a cike suke har farkon Nuwamba, saboda haka ba mu ɗauki farashin wannan mako a matsayin ma'auni ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wannan sashen ya ci mako uku, kuma shi ne zuciyar aikin.

Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, su ci abinci iri ɗaya, ɗaya ya sauka da mil 14,300 ɗaya da 3,575, ko ma ya tashi a tutar babu. Bambancin harafi ɗaya ne a jikin tikiti. Kujerun ikonomi ba farashi ɗaya ake sayar da su ba; kamfani yana raba su gida-gida, kowane gida da harafinsa. Y shi ne cikakken farashin ikonomi, C da J galibi na bizines ne, sauran haruffan kuwa kowane kamfani da yadda ya jera nasa daga mai tsada zuwa mai araha. Kowane tsarin maki yana da teburin da ke cewa harafi kaza kashi 100 na nisa, kaza kashi 50, kaza 25, kaza sifili. Abin da ke rikita mutane shi ne teburin na asusun da aka zuba makin ne. Harafi ɗaya a jirgin Ethiopian zai iya ba da kashi daban a ShebaMiles, daban a Miles&Smiles.

Yadda ake dubawa kafin a biya:

Na ɗaya, a ce wa ejan ya turo takardar bukin, wato ta kama kujera, ba hoton farashi a WhatsApp ba. A jikinta akwai lamba mai harafi da adadi guda shida, da layin kowane zango. Harafin yana kusa da lambar jirgi, ko kuma shi ne harafin farko na dogon rubutun ka'idar farashi.

Na biyu, a duba wane kamfani ne ke tuƙa jirgin a zahiri. Lambar jirgi za ta iya farawa da ET (Ethiopian) ko MS (EgyptAir) amma jirgin na wani ne. A Star Alliance kamfanin da ya yi jigilar ake bi wajen ba da maki.

Na uku, a buɗe teburin abokan hulɗa a shafin tsarin makin da ake da shi, a nemi harafin, a ninka da nisa.

Na huɗu, bayan an biya a tabbatar an karɓi lambar tikiti mai adadi 13. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 235 Turkish, 157 Qatar, 065 Saudia, 176 Emirates. Idan lamba shida kawai aka ba mutum, kujera aka kama masa, ba a fitar da tikiti ba, kuma bukin yana iya faɗuwa da kansa idan wa'adinsa ya cika. Wannan ya fi batun maki muhimmanci nesa ba kusa ba.

Akwai tarihin da ya sa tsofaffin tikiti ba za su yi mana amfani ba. Daga 2022 zuwa 2023 kuɗin kamfanonin waje sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har adadin ya haura dala miliyan 800 a lissafin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Kamfanonin suka rufe haruffa masu araha ga masu saye da naira, aka bar masu tsada. A lokacin kusan duk wanda ya tashi daga Abuja cikakken maki yake samu, amma da ɗan karen tsada. Bana da Babban Banki ya biya mafi yawan bashin, ƙananan haruffan sun dawo, farashi ya ɗan sassauta, maki kuma ya ragu. Wanda ya saba ganin 14,000 yanzu ya ga 7,000 ba cutarsa aka yi ba.

Ba kowa ke lissafi da nisa ba. Flying Blue na Air France da KLM tun 2018 da kuɗin tikiti suke auna maki a jiragensu. An ware musu shafi daban.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Suna. Na'ura ce ke zuba maki, kuma tana gwada sunan tikiti da na asusu harafi da harafi. Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurinta. Haka Usman da Usmanu, Abdullahi da Abdullah. Matsala ta biyu jerin suna: da yawanmu sunan gari ko na uba ne a gurbin sunan iyali a fasfo, amma a asusu sai a juya. Ka'idar da muka rubuta: a buɗe shafin fasfo mai hoto, a kwafi layi biyun nan na ƙasa masu alamomi, sunan da ya zo farko shi ne sunan iyali. Kada a sa Alhaji ko Hajiya a gurbin suna. Mace da ta sauya fasfo bayan aure ta gyara asusu kafin tafiya.

A kuma sa imel da lambar wayar matafiyi a bukin, ba ta ejan kaɗai ba. Idan an sauya lokacin tashi, wanda lambarsa ke ciki ake sanarwa.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya sauko, don haka muka jawo wannan sashe gaba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana rage nisan gani a filayen arewa, kuma idan gani ya gaza abin da aka ƙayyade wa fili, jirgi ba ya sauka. Jirgin da zai ɗauki mutanen Sakkwato daga Abuja yake zuwa. Idan bai iya sauka ba, babu tashi.

Ga inda asarar take. Tikitin Sakkwato zuwa Abuja daban, na Abuja zuwa waje daban, kwangila biyu da ba su san juna ba. Idan na gida ya makara aka rasa na waje, kamfanin waje yana rubuta cewa fasinja bai zo ba. A mafi yawan ka'idoji hakan yana soke duk sauran zangunan, har da na dawowa, ga tarar rashin zuwa, ga cikon farashin sabuwar rana. Sashe na 19 na dokokin hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ya tanadi haƙƙin fasinja kan jinkiri da sokewa, amma a kan tikitin gida kawai zai yi aiki, kuma jinkirin da yanayi ya jawo ba a biyan diyya a kansa.

Abin da ya shiga jadawali: a hunturu a isa Abuja kwana ɗaya kafin tashi, a lissafa kuɗin masauki cikin kuɗin tafiya tun farko. A sauran watanni a bar aƙalla awa shida, domin sai an karɓi kaya a ɓangaren gida a kai su ginin ƙasa da ƙasa a sake awo, kuma kantar awo takan rufe kimanin awa ɗaya kafin tashi. Idan aka ga ba za a kai ba, a kira kamfanin waje ko ejan a ɗaga ranar tun jirgin bai tashi ba. Kuɗin sauya rana ya fi tarar rashin zuwa sauƙi, kuma tikitin dawowa yana tsira.

Ethiopian, EgyptAir da Qatar suna zuwa Kano, wasu kuma sun fi son bi ta can a mota ta Gusau. Mun sa farashin Kano a jadawali, amma shawarar bin hanyar mun bar wa mai tafiya da halin da hanya ke ciki a makon. Kano ma hazon bai ƙyale ta ba.

Litinin, 30 ga Disamba

Gyara ƙarami. Tun shekaranjiya, 28 ga wata, iyakar diyyar kaya a Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta tashi daga SDR 1,288 zuwa 1,519 ga kowane fasinja (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya, IMF). Iyaka ce, ba kuɗin da ake miƙa wa kowa ba. Sai an nuna rasit. Wa'adi bai sauya ba: kwana 7 idan jaka ta lalace, kwana 21 idan ta makara, kuma a rubuce. A cike takardar rahoton kaya kafin a fita daga zauren karɓar kaya, a riƙe ɗan sitikan da aka manna a bayan katin shiga jirgi. Ɗan kasuwar da ke cika jaka da wayoyi ya sani cewa abin da ya haura iyakar nan a wuyansa yake.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Mun sake fasalin jadawalin. Da farko mun jera tsare-tsaren ne bisa yawan makin da suke bayarwa, kuma wannan kuskure ne. Maki iri biyu ne: wanda ake kashewa a karɓi tikiti, da wanda ake ƙirgawa don hawa mataki. Ga ɗan kasuwa na biyun ne mai tsoka.

Dalili kaya. Mai matakin Gold na Star Alliance yana da ƙarin jaka ɗaya, ko kilo 20 a hanyoyin da ake awo da nauyi, a jiragen ƙawancen, ban da shiga falon hutu da layin awo na musamman. Wasu ƙananan farashi na wasu kamfanoni ba sa cikin wannan, a duba. Ga mai dawowa daga Guangzhou, jaka ta uku kyauta a kowace tafiya kuɗi ne da ake gani a hannu. Silver kuwa a matakin ƙawance ɗan fifiko ne a jerin jira, ba ta da jaka, sai dai abin da kamfanin da ya ba da katin ya ƙara a jiragensa.

Lissafi da Miles&Smiles, domin adadinsu a fili yake: mil 25,000 cikin wata 12 ya kai Classic Plus, daidai da Silver; 40,000 ya kai Elite, daidai da Gold. Guangzhou sau uku a harafin kashi 100 ya ba da 42,900, an haye. Sau uku a harafin kashi 50 ya ba da 21,450, ko matakin farko ba a taka ba. Sai an je sau shida kafin a kai Elite. Mai Umara sau ɗaya a shekara, ko da cikakken farashi ya saya, 6,060 ne, sai ya je sau bakwai cikin wata 12 kafin ya kai Elite.

Saboda haka jadawalin yanzu kashi biyu ne. Mai fita sau uku ko fiye zuwa Asiya ya tsaya a ƙawance ɗaya da asusu ɗaya, ya kuma auna ko ƙarin kuɗin babban harafi zai dawo ta hanyar jaka. Mai fita sau ɗaya ko biyu ya buɗe asusu tunda kyauta ne, ya sa lambarsa, amma ya sayi tikitin da ya fi sauƙi da dacewar lokaci. A ganinmu nan ne aka fi yaudarar kai: mutum ya ƙara kuɗi masu yawa don katin da ba zai taɓa kaiwa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kashe maki. Tikitin maki ba kyauta ba ne. Harajin filaye da kuɗin da kamfani ke ɗorawa, wanda ake rubutawa YQ ko YR, da kuɗi ake biyansu, wani lokaci da dala. A farkon 2025 katin naira na bankuna da yawa ba ya wucewa a shafukan waje, don haka a lokacin sai da katin asusun dala ko a biya a ofishin kamfanin a Abuja ko Kano.

Hanyar gane darajar mil: a cire kuɗin da za a biya kan tikitin maki daga farashin tikitin kuɗi na rana ɗaya, a raba da yawan mil. Misali ne kawai, ba farashin kasuwa ba: a ce tikiti naira 900,000, na maki kuma mil 45,000 da naira 300,000. Ragowar 600,000 a raba da 45,000, kowane mil kimanin naira 13. To idan aka ce a ƙara naira 150,000 a tashi daga kashi 50 zuwa 100 a hanyar Guangzhou, ƙarin mil 7,150 ne, darajarsu wajen naira 93,000. Faɗuwa ce, sai dai in ƙarin ne zai kai mutum Gold.

Kujerun maki kaɗan ne a kowane jirgi, kuma a lokacin cunkoso su ake fara rufewa. Maki kuma yana mutuwa. Na Skywards da Miles&Smiles kimanin shekara uku ne daga samu. Qatar, wadda makinta ya koma Avios a 2022, tana barin maki muddin an samu ko an kashe wani abu cikin wata 36. Ga gidan da ke tafiya tare, Emirates tana da asusun iyali mai ɗaukar mutum takwas. Mai gida da uwargida da 'ya'ya huɗu a asusu ɗaya sun fi kati shida warwatse.

Masu tallan sayar da maki a guje su. Ka'idojin tsare-tsaren sun hana, kuma idan aka gano ana rufe asusu a soke tikitin, sau da yawa sai an je wurin awo ake sani.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Azumi saura mako guda, tambayoyin Umara sun yi yawa. Amsar a taƙaice: kada a sa rai da maki. Jirgin shata, irin wanda NAHCON ke jigilar alhazai da shi, ba ya ba da maki. Kujerun ayari da kamfanonin Umara ke saye a dunƙule galibi a harafin G suke, kuma teburori da yawa sifili suka ba shi ko kashi kaɗan. Sauya rana ma sai ta hannun wanda ya sayi ayarin.

Abin da ya fi dacewa a tambayi ejan: jaka nawa da kilo nawa, ko galan ɗin Zamzam mai lita 5 yana cikin awo ko a wajensa, awa nawa za a yi a zango, da ko sauka Madina za a yi a tashi ta Jidda. Wannan na ƙarshe yana rage tafiyar mota guda, kuma sau da yawa bambancin farashinsa bai taka kara ya karya ba. Ethiopian tana ba da masauki a Adis ga wanda zangonsa ya kama awa 8 zuwa 24 idan babu jirgi mafi kusa. A nemi takardar tun wurin awo. Goman ƙarshe ita ce ƙololuwar tsada, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: mai niyyar baɗi ya fara duba farashi tun Rajab.

Asabar, 15 ga Maris (15 ga Ramadan, 1446)

An ƙara sashen neman makin da bai shiga ba. A jira mako biyu bayan sauka, jiragen abokan ƙawance sukan yi jinkiri. Idan shiru, a shiga asusu a cike fom da lambar tikiti mai adadi 13, lambar jirgi, rana da harafi. A ɗauki hoton katin shiga jirgi kafin a hau, domin rubutun takardar yana gogewa da zafin aljihu, balle zafin Sakkwato da ya fara kankama. Kowane tsari da wa'adinsa na watanni, kuma zango ɗaya asusu ɗaya: idan ejan ya riga ya sa lambar ShebaMiles makin ya shiga, mayar da shi wani asusu da wuya.

Shafukan Star Alliance sun kammala. Na Saudia da Qatar suna jiran a sake gwada teburin haruffa da tikitin bayan Sallah, tunda farashin azumi ba ya nuna ƙananan haruffa. Na Emirates zai tsaya a Legas kawai, tare da kuɗin isa can daga Sakkwato. Za a ɗauki farashin Guangzhou sau biyu, a makon farko na Afrilu da kuma bayan an buɗe baje kolin Canton ranar 15, a sa su gefe da gefe.